Kada Ki Dawo Saboda Hannuna

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata mai sunan Inna, wadda nake ce ma Mamana.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kin sauka Yamai lafiya, kar ɗin da kika shiga bai wahalshe ki ba, kuma kayanki sun iso cif. Uwarki tana gaishe ki, da ƙannenki, da babanki Issa ɗan'uwana da mutanen gidanshi. Sauran hanyar da ta rage maki zuwa Maroko ta sama ce, ni ban san ta ba, ban san abin da ake tsoro a cikinta ba balle in ce ki kiyayi kaza. Allah shi tsare ki gaba da baya, shi sauke ki cikin mutanen kirki.

Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san aji uku na yi a lakwal ɗin Jiratawa aka cire ni don ban-ruwa, sauran a karatun manya na tsinto shi. Da na kira ki a salula, to amma na san halinmu ni da ke. In na ji muryarki sai in ce lafiya lau, ke ma ki ce lafiya lau, mu tambayi zafi, mu kashe. Shi ya sa na ari bik na zauna rubutu. Direban da Issa ya sani zai kawo maki takardar tun ba ki shiga jirgi ba, kuma da gangan na yi haka.

Uwarki ta faɗa mani abin da kika ce mata. Kin ce in rawar hannun Baba ta ƙaru, ajiye karatun za ki yi ki dawo gida. Kin hana ta faɗa, ta kuwa riƙe maki amana har kar ɗinku ya fita tasha, muna juyowa ta zazzage mani duka a bakin titi. Kada ki yi fushi da ita. Ni kam na gode maki, Allah ya sani na gode. Amma ban yarda ba, kuma dalilin takardar ga kenan.

Har yau in aka tambaye ni mi ɗiyata take yi, sai in yi ta kame-kame. Ba likita ba ce mai duba mutane, ba mai saida magani ba ce a farmasi ko da shike farmasi ta fara karantawa. Abin da na riƙe shi ne wanda kika gaya mani ranar da muke zaune bakin kanal. Kin ce ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kamar ruwan garkarmu ne, babban kanal shina ba ƙanana, ƙanana suna ba fangali, ko'ina da ƴar ƙofarshi. Saƙo ne ke gudu ciki maimakon ruwa. Kin ce magani ko dafi, in ya shiga jiki, wata ƙofa shike buɗewa ko shi toshe, ke kuma aikinki ki gano wace ƙofa ce, kuma nawa ne ke gyara, nawa ne ke ɓatawa. Wannan na gane shi. Daga nan gaba duhu ne gare ni. Don haka ba ni da abin da zan koya maki cikin aikinki. Abin da nake da shi kura-kuraina ne, kin san yawancinsu, wasu ma a gabanki na yi su. Zan jera maki su yadda suka zo mani, ki ɗauki abin da zai yi maki amfani.

Kin tuna ɓeraye? Na san kin tuna. Lokacin da kike mastar a Yamai na kira ki, na ji muryarki ba daɗi, kika ce aiki ya tsaya, ɓerayen labo, ɗakinku na gwaji, sun ƙare, ana jiran wasu. Mamana, ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Shekara da shekaru kina karatun da ban iya ɗaga maki ko kusurwarshi, yau ga abin da ya fi yawa a Jiratawa shi kike nema. Ban ce maki komi ba. Na samu Ɗan-Jimma, maƙwabcina na garka, muka ɗana tarko bakin rumbuna da gindin kanal, muka kama manya-manya masu rai, na ƙera masu keji da waya, na rufe da buhu. Ban taɓa zuwa Yamai ba sai a kansu. A tasha mai ɗora kaya ya ji motsi ya ce, “Baba, zabi ne?” Na ce kayan karatu ne. Ya ɗaga buhun, ya sake shi, ya ja baya ya ce, “To Allah shi ba da ilimi mai amfani.”

Da na iso ƙofar labo mai gadi ya kira ki, kika fito da farar riga. Na yaye buhun ina jiran in ga murna. Kika duba, kika daɗe kina dubawa. Na ga bakinki shina motsi, amma ba ki yi dariya ba. Kika ce, “Baba, sannu da hanya. Ka ci abinci?” Sai da na ci na sha sannan kika kai ni bakin wani gilashi kika nuna mani ƴan da suka rage. Farare tas, idanu ja, suna kwance cikin sanyin kilima da ni ban taɓa kwana cikin irinshi ba. Kowane da lambarshi. Kika ce an san uwarshi, an san ubanshi, an san ranar da aka haife shi da abin da ya ci tun daga ranar, kullum sai an aza shi a sikeli. Kika ce, “Naka ban san mi suka ci ba, Baba. Wataƙila ma sun sha ruwan feshi. In na ba su magani na ga wani abu, ban iya sanin daga ina ya fito.” Malamarku, tsohuwar nan mai tabarau da kuke ce ma Madam, ta fito ta gaishe ni da Hausarta ta Zabarmawa, ta yi mani godiya kamar na kawo rago. Ki gaishe mani ita kafin ki tashi, ki ce ban manta ba. Ɓerayen kuwa mai gadi ya kai su bayan gari ya sake. Sun riga ni zama ƴan birni.

Tambaya guda da na yi maki a salula da ta hutasshe ni. Ban yi ba don kada ki gane ban gane ba. To ke ma yanzu baƙuwa za ki zama. Za ki tarar da na'urorin da ba ki taɓa gani ba, da mutanen da ke magana da sauri, da ƙa'idar da kowa ya sani ban da ke. Ki tambaya. Ko wanda ke wanke kwalabe ne ki tambaye shi. In sun yi dariya su yi, dariyar tambaya ba ta kai ta keji ba.

Ni ma abin da nake koyo kenan yanzu. Tun da hannun ya raba ni da garka na dawo Maraɗi ina zaman shagon hatsin Issa, kullum sai na ɓata. Layukan duk iri ɗaya ne gare ni. Ƴan kabu-kabu suna wucewa ta gabana ta bayana kamar za su ɗauke mani riga. Farkon zuwana in na ɓace sai in yi ta tafiya da ƙarfi kamar na san inda za ni, har in tsinci kaina wata unguwa can. Yanzu tsayawa nake in ce ma mai shayi, ɗan'uwa, ni baƙo ne, ina hanyar kasuwa? Ba wanda ya taɓa cizona.

Sai maganar feshi. Shekarar da koferatif ɗinmu ta manoma ta raba mamu safar hannu da abin rufe hanci, sau ɗaya na sa su. Na goya pompon feshi na shigo garka, Ɗan-Jimma ya ɗago daga cikin tattasai ya ce, “Idi, yau buki ake? Wa ya kawo mamu amarya?” Duk masu ban-ruwa suka kwashe. Na cire na cusa aljihu. Safar ta koma ta saran ƙaya, abin hancin ban san inda ya shiga ba. Da hannu nake motsa maganin cikin bokiti har gwiwar hannu. In an ce murfi ɗaya, ni biyu nake zubawa don tsutsa ta san da wanda take yi. In kala ɗaya bai kashe ba in haɗa biyu. In bakin pompo ya toshe in sa baki in hure. In na gama kaina shina sara, yawu shina cika mani baki, sai in sha nono in ce ya kashe dafin. Kina kolej a Tsibiri gidan kakarki, kika zo hutu, kika ɗauki bidon maganin kina karanta mani Faransancin da ke jiki, kina nuna mani hoton ƙoƙon kai. Na ce maki wanda ya rubuta wannan bai taɓa ganin tsutsar tumatir ba. Kika ajiye bidon.

Ɗan-Jimma ba mugu ba ne, shi ma haka shike yi, kuma har yau hannunshi ƙalau, shi ya sa in na yi mashi magana sai shi ce tsufa ne ya zo mani da wuri. Abin da nake so ki ji shi ne ni na san abin da ya kamata, kayan suna aljihuna, dariyar mutum biyar ta hana ni. Ke abin da kike taɓawa ya fi nawa ƙarfi, na gani da idona, wata ƴar kwalba kamar ta turare kika ce mani ɗigonta ya isa. Duk abin da aka ce a sa, ki sa. In an gaji, in ana sauri, in manyanki ma sun cire nasu, ke ki bar naki. Kuma kada ki auna komi da ido. Na san kina da sikelin da ke jin nauyin ƙura, amma ranar gajiya mutum sai shi ce ai na saba. Ni ma na saba ɗin ne.

Da rawar ta fito fili na tambaye ki ko feshin ne. Kika ce, “Ban sani ba, Baba. Shina iya zama, akwai masu bincike da suka ga alaƙa. Amma a kanka kai ɗaya ba wanda zai iya rantsuwa.” Wallahi na ji haushi. Na ce ma uwarki, duk shekarun ga da muka yi muna tura yarinya lakwal, abin da ta iyo kenan, ban sani ba? Mai maganin kasuwa da bai yi aji ɗaya ba, ka miƙa mashi hannu kafin ka rufe baki ya gaya maka ciwon da maganin. Uwarki ta ce, “Shi ya sa kwalabenshi suka cika maka ɗaki kuma hannun bai tsaya ba.” Kin san bakinta.

Ban gane darajar wannan kalmar taki ba sai a kan sassaƙen nan na Tsibiri. Tsohon da kakarki ta sani ya ba ni shi, ina jiƙawa ina sha, kuma ni dai na ji kamar hannun ya lafa. Na matsa maki ki kai labo. Madam ta yarda aka sa shi cikin itatuwan da kuke gwadawa. Na riga na gama lissafi a raina, za a samu magani daga Tsibiri, sunan ɗiyata a jiki. Damina ta wuce, kaka ta wuce, kina ta aiki. Kin ce mani kashi-kashi kika raba ɓerayen, wasu a ba su sassaƙen, wasu a ba su ruwa zalla, kuma wata abokiyar aikinki ce ke cika kwalaben ta sa masu lamba, ke kanki ba ki san wanne ne wanne ba sai an gama. Na ce don mi za ki ɓoye ma kanki aikinki? Kika ce, “Don ina so ya yi, Baba. Wanda ke so, idonshi shina ganin abin da babu.”

Da kika zo salla muna zaune tsakar gida kika ce ba bambanci. Waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba duk ɗaya. Kin sake daga farko, haka dai. Na ga kin rame. Na ce, “To ki rubuta ya ɗan yi mana. Ba ƙarya ba ce ƙwarai, ni na ji sauƙi. Wahalarki kada ta tafi banza.”

Kika ce, “In na rubuta, wani zai karanta shi gaya ma wani. Wata rana wani mai irin hannunka zai zauna gida shina jiƙa sassaƙe, ba zai je gidan likita ba, don an ce ɗiyar Jiratawa ta gwada.”

Na ce, “To duk watannin ga mi kika samu?”

Kika ce, “Na samu cewa ba shi ba ne. Wanda zai zo bayana ba sai ya ɓata nashi watannin ba.”

Na tashi na bar maki wurin, har kika koma ban sake maki fuska sosai ba. Wannan shi ne wanda ya fi ci mani rai cikin duka, don ni ubanki ni na ce ki karkata. Na gode ma Allah da ba ki ji maganata ba. Can inda za ki, wanda zai ce maki ki rubuta ya ɗan yi ba zai zama manomi mai aji uku ba. Wataƙila babba ne mai kujera, wataƙila shi ke riƙe da burs ɗinki, kuɗin karatunki, wataƙila da murmushi zai faɗa. Ko kuma ba kowa, ke da kanki ce, ranar da kika ga tsaranki duk sun fitar da takardu ke ba ki da komi. Ki ba shi amsar da kika ba ni, da ladabi yadda kika ba ni. Kin ce in kun rubuta sakamako sai an aika ma wasu malamai da ba ku sani ba su yi ta neman kuskure a ciki. Da na ji haka tausayinki na ji. Yanzu ina ganin da ni ma ina da irinsu a garka da hannuna bai kai haka ba. In sun dawo maki da takarda duk jan bik, ki ci abinci, ki yi salla, sannan ki karanta.

Akwai kuma abin da na jawo maki da bakina. Na bi Jiratawa ina cewa ɗiyata dokta ce ta ƙwaƙwalwa. Kika zo hutu kika tarar da zaure cike, mai ciwon kai, mai mantuwa, da matar nan da ɗanta ke faɗuwa, ta zo da magunguna cikin leda baƙa. Na ga kin dube ni, na sunkuyar da kai. Ba ki kore su ba. Kika zauna kan tabarma kika ce masu ke ba likita ba ce, ba ki da ikon rubuta ma kowa odonas, takardar sayen magani. Amma kika zazzage ledar matar kika ware mata, wanga likita ya rubuta, kada ki tsallake ko rana ɗaya ko da yaron ya yi wata bai faɗi ba, wanga kuma na masu saidawa a tebur ne, kada ki haɗa su. Kika ce mata ciwon ba ya kama wanda ya taɓa yaron, ta bar ware mashi kwano. Da Hausa kika yi, Hausar da ta gane. Kada ki yi irin nawa, kada ki ɗauki sunan da ba naki ba ko da mutane sun miƙo maki shi. Amma wancan zaman na tabarma kada ki bar shi. Za ki yi shekaru kina aikin ga da Faransanci da Ingilishi. Lokaci-lokaci ki riƙa maida shi Hausa a ranki, ki ga ko uwarki za ta gane. Mutanen da ke goya pompo ba su karanta takardunku.

Yanzu maganar hannu.

Na daɗe ina ɓoye shi. Aljihu nake sa shi, ko in zauna a kanshi. Na bar shan shayi cikin mutane don kofin shina ƙara a haƙorina. Na bar cin tuwo tare da su Issa na ce ciki ne. Ke kika gane tun ranar da ludayin fura ya zube mani a riga na ce ƙuda na kora. Kin yi ta roƙona in je wurin likitan jijiyoyi, har kika karɓo mani randebu, ranar ganinshi, na ce sai an cire albasa, aka cire na ce sai bayan salla. Tsoro nake ji. Na ɗauka in ba a faɗi sunan abu ba bai gama zama ba. Kuma ɓoyon nan nawa shi ya sa kike tunanin dawowa, na gane haka. Kin san in ya ƙaru ba zan faɗa ba, shi ya sa kike ganin sai kina kusa kina gani da idonki. Laifina ne, ba naki ba.

To na je. Washegarin tafiyarki na ce ma uwarki ta ɗauko mayafi. Likitan yaro ne, bai fi ki da yawa ba. Ya sa na yi tafiya zuwa bango na dawo, ya ce in taɓa hancina in taɓa yatsanshi, ya lanƙwasa mani hannu shina saurare kamar mai gwada ƙofa. Ya ba ni bik ya ce in rubuta sunana da na garinmu, ya nuna ma uwarki yadda baƙaƙen ke farawa manya su ƙare ƙanana. Ya tambayi aikina, na gaya mashi komi, har hura bakin pompo. Uwarki ta ce, “Ka manta haɗa kala biyu.” Na ce ban manta ba, zuwa nake.

Na ce, “Likita, feshin ne?”

Ya ce, “Baba, shina iya zama. Ban iya ce maka tabbas.”

Na yi dariya har ya tsaya shina dubana. Na ce mashi ina da irinka a gida.

Ga abin da ya ce, ban rage ba ban ƙara ba. Ciwon shina da suna, ya rubuta shi a takarda, uwarki za ta ɗauki hoto ta turo maki, na san kin riga kin san shi. Ya ce ba ya warkewa. Ya ce akwai ƙwayar da ke rage rawar da nauyin jiki, na fara sha, ana sha kan lokaci, uwarki ce mai agogo. Ya ce zai ƙaru, amma a hankali, shekaru ne ba watanni ba, kuma in riƙa tafiya da ƙafa, in riƙa zuwa ana duba ni ana gyara awon maganin.

Kin ji. Zai ƙaru. Abin da kika ce in ya faru za ki dawo, likita ya ce zai faru. Na yi tunanin in bari sai kin sauka can kin zauna sannan ki ji. Na ga in na yi haka na sake sa hannu aljihu. Gara ki ji kina Yamai, kar na Maraɗi shina tashi kullum, ba wanda ya ɗaure ki.

Amma ki saurare ni. In kin dawo mi za ki yi mani? Ki riƙe mani kofi? Uwarki tana riƙewa, kuma tana yi tana yi mani tsiya, abin da ke ba ki iyawa. Issa ya ba ni kujera da inuwa. Ƙannenki suna nan. Masu riƙe kofi ba su ƙare mani ba. Wadda ta san ƙofofin nan na cikin kai, wadda za ta iya zama shekara tana bin ɗigo ɗaya har ta gane inda ya shiga, kuma ta san ƙamshin garka bayan feshi, ita ce ba mu da ita, duk Jiratawa da Tsibiri ban san wata ba. Ban ce ki samo mani magani ba. Na bar wannan lissafin tun kan sassaƙe, kuma kada ki ɗora ma kanki shi, nauyi ne da zai karkatar maki da ido. Ki yi aikin don aikin. In Allah ya sa wani abu ya fito, ko bayan ba ni, akwai yara da yawa da ke goye da pompo yanzu haka.

Ga alkawarina. Ba ni ƙara ce maki lafiya lau in ba lafiya lau ba ne. Duk ran Juma'a in an sauko masallaci uwarki za ta kira ki ta bidiyo, in ɗaga maki hannuwan biyu ki gani da idonki, in tashi in yi tafiya ki gani. Duk abin da likita ya ce za ki ji shi ranar. In kin ce a tambaye shi kaza, za a tambaya. In ranar ta zo da nake bukatar ki zo in gan ki, da bakina zan ce ki zo, ba sai kin tsinta a muryar uwarki ba. Ke kuma naki alkawarin, in ban ce ba, ba ki ajiye komi. Hutu ki zo, mu ji daɗi, ki koma. Ban taɓa ce maki na hana ba tun kina ƙarama, ban san ma yadda ake faɗinshi ba. Yau na hana. Ki shiga jirgin.

Na gode maki, Mamana. Na gode da ba ki taɓa jin kunyata ba, ko ranar keji. Na gode ma uwarki da kakarki da suka tsaya kan karatunki lokacin da ni ban ga inda za shi ba, da malamanki tun na Jiratawa har Madam. Abin da na yi maki ba daidai ba ki yafe mani. Ni ba ki yi mani komi ba, in ma akwai na yafe duniya da lahira.

Ki riƙe salla. Ki ci abinci ko ba daɗi. An ce akwai sanyi can, ki sayi rigar kirki kada ki yi ƙwauro. Allah shi kai ki lafiya, shi tsare ki daga sharrin mutum da na ƙarfe da na abin da ke cikin kwalba. Allah shi ba ki haƙuri ranar da aiki ya ƙi, shi ba ki gaskiya ranar da ya yi. Allah shi yi maki albarka, shi maido mamu ke lokacin da kika gama, ba kafin nan ba.

In kin sauka Maroko ki kira uwarki, ba ta cin abinci sai ta ji.

Wassalam.

Ni ne babanki,
Idi